Mutumin Tarabulus da Rigar da Ta Yage

Waɗanda Allah ya ja kwanansu har suka riski azumin shekarar 1982 da wayonsu, watau Ramalan na 1402 bayan Hijira, za su tuna cewa ya faɗo cikin damina, kuma ya yi kiciɓis da gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa wadda aka yi a ƙasar Sifen. Saboda haka mu da muke samari a wancan zamani ba mu sami wata dabara ta rage tsawon yini ba wadda ta fi mu sallame la'asar, mu nufi zauren wani maƙwabcinmu mai akwatin talabijin, mu jeru bisa tabarma da busassun leɓɓa, muna kallon waɗansu mutane suna guje-guje a wata ƙasa mai nisa, har rana ta yi ja, a soma jiyo ƙamshin ƙosai daga cikin gida. A irin wannan zama ne na fara ganin mutumin da nake nufin yin magana a kansa, wani ƙaƙƙarfan Ba'italiye mai gashin baki da lamba 6 a gadon bayansa, wanda ya liƙe wa Maradona, sa'an nan bayan kwana shida ya liƙe wa Zico, kamar yadda kaska take liƙe wa saniya. Kuma ina shaida wa mai karatu cewa cikin dukan waɗanda na taɓa gani a fili, kafin wannan mako da bayansa, babu wanda zuciyata ta ƙi kamar yadda ta ƙi shi. Yau shekara arba'in ke nan da 'yan kai, dokokin wasan sun sauya, idon masu kallo ya sauya, ni ma hukuncin da na yanke masa ina yaro ya daɗe yana damuna, domin na yanke shi ne ban saurari hujjar wanda ake tuhuma ba.

Sunansa Claudio Gentile, ana furta shi Jantile, kuma ma'anar kalmar a harshensu ita ce mai ladabi, mai taushin hali. An haife shi ran 27 ga Satumba, 1953, a Tarabulus ta Libiya, birnin nan da kakanninmu suka sani tun kafin su san akwai wata ƙasa wai ita Italiya, domin can ne ayarin da ya tashi daga Kano yake sauke kayansa bayan ya ratsa Sahara. Iyayensa asalinsu mutanen Noto ne a tsibirin Sisili, suna cikin dubban talakawan Italiya da suka zauna a Libiya bayan da ƙasarsu ta mamaye ta a 1911, mamayar da ta ci rayukan Musulmi masu yawa, har ta kai ga rataye Shehu Umar Mukhtar a 1931. Wannan tarihi ba laifin jaririn da aka haifa bayan shekara ashirin da biyu ba ne, amma a cikinsa ya buɗe ido. Shi da bakinsa yakan ba da labarin cewa a lungunan Tarabulus ya koyi tamaula, tare da 'ya'yan Larabawa, inda babu alƙali babu usur, wanda ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya ci gaba. Yana da shekara takwas, a 1961, iyayensa suka kwashe iyali suka koma arewacin Italiya, suka sauka a wani ƙaramin gari da ake kira Brunate kusa da tafkin Como. Kuma da suka yi jinkiri da sun fita ba shiri, gama a 1970, shekara guda bayan Gaddafi ya hamɓarar da Sarki Idris, an kori sauran Italiyawan da suka rage, aka ƙwace dukiyarsu. Daga baya, da yaron ya yi suna, sai 'yan jarida da masu kallo suka laƙaba masa Gaddafi, don mahaifarsa da kuma tsananinsa, laƙabin da bai taɓa so ba, kuma duk wanda ya san abin da ya sami mutanensa a hannun mai sunan zai gane dalili.

Kafin a fahimci irin aikin da ya tashi ya tarar, wajibi ne a san mazhabar da Italiyawa suke bi a sha'anin ƙwallo a wancan zamani, wadda suke kira catenaccio, watau sakatar ƙofa. Malamanta manya su ne Nereo Rocco na AC Milan da Helenio Herrera na Inter, wanda ya ci kofin zakarun Turai sau biyu a jere, a 1964 da 1965, kuma asalin karatun nasu shi ne cewa mai gida ya fara kulle gidansa kafin ya yi tunanin shiga na wani. Kowane ɗan gaba na abokan hamayya akan ba shi mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai shi, in ya yi dama ya bi shi, in ya yi hagu ya bi shi. A bayan waɗannan masu gadi kuma akan ajiye mutum ɗaya da ba a ɗaure shi da kowa ba, suna ce masa libero, 'yantacce ke nan, shi ne mai share abin da ya kuɓuce. Akwai hikimar lissafi a ƙarƙashin wannan, domin a lokacin maki biyu ake ba wanda ya yi nasara, wanda ya yi canjaras kuwa ya sami ɗaya, don haka wanda ya hana a ci shi ya riga ya kama rabin ladan yini tun bai zura ko ɗaya ba. A ƙasar da ake wannan lissafi, mai tsaron baya yana da daraja irin ta gwanin maƙeri a cikin gari: ana sanin sunansa, ana muhawara a kan salonsa, yara suna kwaikwayonsa.

Gentile ya bi matakan da kowane almajirin wannan makaranta yake bi. Ya yi shekara guda a ƙaramar ƙungiyar Arona, ya yi guda a Varese a rukuni na biyu, sa'an nan a 1973, yana dab da cika shekara ashirin, Juventus ta birnin Turin ta ɗauke shi, ya zauna a can shekara goma sha ɗaya, ya buga wasa fiye da 400, ya ci gasar Serie A sau shida da kofin Italiya sau biyu. Galibin wannan ya faru ne a ƙarƙashin Giovanni Trapattoni, wanda ya karɓi horar da ƙungiyar a 1976, kuma a shekararsa ta farko suka tara maki 51 cikin 60 da ake iya samu, suka kuma ɗauki kofin UEFA na 1977 a hannun Athletic Bilbao ba tare da baƙo ko ɗaya a cikinsu ba, domin a lokacin an rufe ƙofar Italiya ga 'yan wasan waje. A bayansa akwai Dino Zoff a raga, a ɗaya gefen akwai Antonio Cabrini, a tsakiya kuma Gaetano Scirea, 'yantaccen da har ya bar wasa ba a taɓa ɗaga masa jan kati ba, mutum mai natsuwa wanda yake ƙwace ƙwallo kamar mai karɓar amanar da ya bayar ajiya. Masu kallo sun saba su yabi Scirea su zargi Gentile, kamar ɗaya haske ne ɗaya duhu, alhali kuwa sana'a ɗaya suke yi, kuma tsabtar rigar Scirea tana da alaƙa da turɓayar da take jikin abokinsa, domin kafin ɗan gaba ya iso wurin 'yantacce ya riga ya sha wuya a hannun mai gadi.

To, da aka je Sifen babu wanda ya sa Italiya a lissafi. Wasanninta uku na farko a birnin Vigo duk canjaras ta yi, da Folan, da Feru, da Kamaru. Kuma abin da bai kamata mutanen nahiyarmu su manta ba shi ne cewa Kamaru ta Thomas N'Kono da Roger Milla, a zuwanta na farko, ita ma ba a ci ta ba, maki uku gare ta kamar Italiya, sai dai Italiya ta zura biyu ita ta zura ɗaya, da wannan tazara ta ƙwallo guda aka sallame ta. Jaridun Italiya suka yi wa 'yan wasansu da kocinsu Enzo Bearzot caa, har 'yan wasan suka yi yarjejeniya suka daina magana da manema labarai, suka bar kyaftin Zoff, dattijo ɗan shekara arba'in, shi kaɗai yake amsa tambaya. Sa'an nan tsarin zagaye na biyu ya jefa su rukuni ɗaya da Ajantina mai riƙe da kofi da Barazil wadda duniya ta yi ijma'i a kan cewa ita za ta ɗauka, ƙasa ɗaya tak za ta fita cikin ukun, kuma dukan wasannin a ƙaramin filin Sarria na birnin Basalona.

Ran 29 ga Yuni aka haɗu da Ajantina. Maradona yana da shekara ashirin da ɗaya, kuma bai daɗe da sa hannu zai koma ƙungiyar Barcelona ba, don haka birnin yana ɗokin ganinsa. Gentile ya ba da labarin cewa da Bearzot ya ɗora masa wannan nauyi, sai ya nemi kaset-kaset na wasannin yaron ya zauna ya yi ta muɗala'a, har ya fahimci mas'alar: in Maradona ya karɓi ƙwallo ya juyo ya fuskance ka, to magana ta ƙare, babu ɗan Adam da zai tsayar da shi, maganinsa kawai shi ne a hana shi juyowa, in da hali ma a hana ƙwallon isa gare shi. Abin da muka gani a wannan yammaci shi ne aiwatar da wannan karatu harafi da harafi. Yana manne da bayansa kamar inuwa, yana riga shi zuwa ga ƙwallo da rabin taki, in bai riga shi ba ya sa ƙirji, in ƙirji bai isa ba ya sa hannu a riga, in hannu bai isa ba ya sa ƙafa, kuma ƙafar ba kullum take samun ƙwallo ba. Alƙalin wasan, Nicolae Rainea na Romaniya, katin gargaɗi ɗaya ya ba shi. Tardelli da Cabrini suka ci wa Italiya, Passarella ya rama ɗaya, aka tashi biyu da ɗaya. Kuma an ruwaito cewa da aka tambayi Gentile game da abin da ya yi, sai ya amsa cewa ƙwallo ba sana'ar 'yan rawa ba ce.

Na Barazil, ran 5 ga Yuli, shi ne wanda ya fi yi mana ciwo, domin a zaurenmu babu wanda ba Barazil yake so ba, kuma wanda ya ga yadda Zico da Socrates da Falcao da Eder suke miƙa wa juna ƙwallo ba zai zarge mu ba. Canjaras ma ya ishe su. Amma Paolo Rossi, wanda bai daɗe da dawowa daga dakatarwar shekara biyu ba, kuma bai zura ko ɗaya ba a wasa huɗu, ya tashi ya zura uku a yini guda. Zico ya kuɓuce wa mai gadinsa sau ɗaya sosai, a minti na goma sha biyu, ya juya kamar walƙiya ya miƙa wa Socrates ya farke, wanda hakan ya tabbatar da cewa karatun Gentile daidai ne, juyowar ita ce halaka. Kafin hutun rabin lokaci kuma aka yi abin da ya zama tambarin mutumin har abada: a cikin da'irar mai tsaron gida ya damƙi rigar Zico har ta yage tun daga gefe, Zico ya nufi alƙali Abraham Klein yana nuna masa ɓarakar da fatar jikinsa a waje, alƙali bai ba da fanareti ba. Aka tashi uku da biyu, bayan Zoff ya danne wani ƙwallo da Oscar na Barazil ya sa wa kai a daidai kan layi ana dab da tashi. Na tuna mun fito daga zauren nan babu mai ce wa wani uffan, kuma da aka kira magariba na sha ruwa ne kawai don sunna, abincin bai shiga ba.

A nan ne ruwayar yawancin mutane take tsayawa, kuma a nan ne nake ganin an tauye masa haƙƙi. Katin da ya samu a wasan Barazil shi ne na biyu, don haka bai buga wasan kusa da na ƙarshe da Folan ba. Amma ya dawo ran 11 ga Yuli a filin Bernabeu na Madrid, inda aka kara da Jamus ta Yamma a wasan ƙarshe, aka ba shi gadin Pierre Littbarski. An yi rabin farko babu ci, Cabrini ma ya ɓarar da fanareti. Bayan an dawo da kamar minti goma sha biyu, aka yi wa Italiya ƙeta, Tardelli ya yi maza ya tura ƙwallo gefen dama tun Jamusawa ba su shirya ba, kuma wanda yake tsaye a can, a wurin da ɗan gefe ya kamata ya tsaya, shi ne mai yaga riga. Ya ɗaga kai, ya lanƙwaso ƙwallo ƙasa-ƙasa ya ratsa gaban raga, Rossi ya sunkuya ya sa kai. Wannan shi ne cin da ya buɗe ƙofa, Tardelli da Altobelli suka biyo baya, aka tashi uku da ɗaya, Italiya ta ɗauki kofinta na uku bayan shekara arba'in da huɗu tana jira. Mutumin da bai iya komai ba sai duka ba ya yin irin wannan bugu a irin wannan dare. A haƙiƙa ya buga baya ta dama, ya buga ta hagu, ya buga tsakiyar fili lokacin da aka bukata, ya yi wa ƙasarsa wasa 71. Kuma a tsawon shekarunsa duka sau ɗaya aka taɓa korarsa daga fili, a 1978 a karawar Juventus da Club Brugge ta Beljiyam, shi ma don kati na biyu da ya samu saboda taɓa ƙwallo da hannu.

Malaman fiƙihu suna da wata ƙa'ida cewa al'ada abar hukunci ce, kuma ba a auna aikin mutum da dokar da ta sauka bayan ya gama aikinsa. Gentile ya san iyakar da alƙalan zamaninsa suka shata, ya tafi har bakinta ya tsaya, ya kuma san yadda zai raba ƙetarsa ƙanana-ƙanana yadda babu guda da za ta kai a kore shi. Wannan wayo ne, kuma urfin lokacin ya halatta masa. Amma fa kada son adalci gare shi ya sa mu zalunci waɗanda ya gada. Halaccin abu a doka bai mai da shi kyakkyawa ba. Mutane sun biya kuɗi, waɗansu sun ƙetare teku, don su ga abin da Allah ya ajiye a ƙafar hagu ta Maradona, aka hana su gani da hannu da gwiwa. Kuma yaron da kansa ya cika da takaici har bayan kwana uku ya kai wa Batista na Barazil shuri aka kore shi, ya bar gasar a wulaƙance. Idan akwai laifi, mafi girmansa yana wuyan masu dokar da suka bar gwani ba kariya, kuma zamani ya nuna tsadar wannan sakaci: a 1983 wani mai tsaron baya na Bilbao ya karya wa Maradona idon sawu, Marco van Basten kuwa, wanda ya ci kyautar gwarzon Turai sau uku, ya buga wasansa na ƙarshe yana ɗan shekara ashirin da takwas saboda idon sawun da ya sha sara har ya ƙi warkewa.

Saboda haka da hukumomin ƙwallo suka tashi gyara, ban ga wanda zai ce sun yi kuskure ba. Gasar 1990, wadda aka yi a Italiya kanta, ta zo da ƙarancin ci da yawan ƙeta har ta gundiri duniya, daga nan dokoki suka yi ta sauka suna shafe na gabansu kamar nasihi da mansuhi. Aka ce ɗan gaban da yake daidai da mai tsaron baya bai yi satar gida ba. Aka ce wanda ya kayar da mai shirin ci da gangan a kore shi. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa, wanda ya tilasta wa 'yan baya su koyi wasa da ƙwallo a cikin matsi. A 1994 nasara ta koma maki uku, lissafin canjaras ya rushe. A 1998 aka tsananta hukuncin sara ta baya har zuwa jan kati. Sa'an nan aka kawo shaidar da ba ta gyangyaɗi, watau na'urar ɗaukar hoto. A gasar 1994 Mauro Tassotti na Italiya ya fasa wa Luis Enrique na Sifen hanci da gwiwar hannu, alƙali bai gani ba, amma aka duba hoto daga baya aka dakatar da shi wasa takwas. Yau kuwa, tun da aka shigo da VAR, alƙali yakan tsayar da wasa ya je ya duba da idonsa, kuma rigar da ta yage irin ta Zico ba ta bukatar wani mai ba da shaida.

Sai dai tun kafin doka ta rufe makarantar, wani daga cikin gida ya riga ya soma rushe ta. Arrigo Sacchi, wanda bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, ya karɓi AC Milan a 1987 ya zo da sabon ijtihadi, cewa mai tsaron baya ya daina bin mutum, ya tsare yanki, 'yan baya huɗu su riƙa tafiya tare kamar sahun salla, in ɗaya ya matsa duka su matsa. Da Baresi da Maldini da Costacurta da Tassotti ya ci kofin Turai a 1989 da 1990, duniya ta bi. Mu ma mun ɗanɗana wannan sabon karatu, domin ran 5 ga Yuli, 1994, shekara goma sha biyu cif bayan ranar Zico, Italiyar Sacchi ce ta fitar da Najeriya a Amurka, bayan Amunike ya ci tun farko, an kuma kori Zola na Italiya, saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, ya ƙara na biyu da fanareti a ƙarin lokaci.

Abin da nake jimami a kansa, bayan na yarda da dukan wannan gyara, wani ilimi ne da ya tafi tare da dukan. Gadin mutum guda na minti casa'in yana bukatar ka san shi fiye da yadda abokansa suka san shi: wace ƙafa yake fara ɗagawa, ina yake kallo kafin ya ruga, yaushe yake gajiya, me yake fusata shi. Yana bukatar haƙuri irin na mafarauci, da wani nau'i na zuhudu, domin mai gadi ya yarda ya ɓace daga wasan muddin wanda yake gadi ya ɓace tare da shi, kuma in ya yi nasara cikakkiya babu abin da za a nuna a hoto, tun da nasararsa ita ce abin da bai faru ba. A yau ana zaɓen ɗan baya ne da kyawun yadda yake raba ƙwallo, kuma hakan yana da daɗin kallo; amma sau nawa muke ganin an kwaso ƙwallo daga gefe, 'yan baya uku suna tsaye kowa yana tsare da yankinsa, ɗan gaba ya ratsa tsakaninsu shi kaɗai ya sa kai, babu wanda ya ɗauka cewa amanarsa ce? Giorgio Chiellini, wanda shi ne kusan na ƙarshe a wannan silsila bayan Cannavaro da ya ci kyautar Ballon d'Or a 2006, ya fito fili ya koka cewa kwaikwayon salon koci Guardiola ya sa matasan Italiya sun manta gadin mutum. Kuma ƙasar da ta ɗauki kofin duniya sau huɗu ta kasa ko zuwa gasar a 2018 da 2022, ko da yake dalilan wannan sun fi ɗaya. Chiellinin nan ne, a wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley cikin Yulin 2021, ya damƙo wuyan rigar Bukayo Saka ta baya ya fizgo shi ƙasa a gaban idon duniya, aka ba shi katin gargaɗi. Da na gani sai da gabana ya faɗi, domin na san hannun, na taɓa ganinsa a Basalona.

Shi kuwa Gentile ya bar Juventus a 1984, bayan sun ci Porto sun ɗauki kofin masu kofuna na Turai, ya koma Fiorentina, inda ƙaddara ta haɗa shi ɗaki ɗaya da Passarella da Socrates, mutum biyu da suka zura wa Italiya ƙwallo a Sarria. Ya rufe da Piacenza a 1988. Daga 2000 aka ba shi horar da 'yan ƙasa da shekara ashirin da ɗaya na Italiya, kuma a 2004 ya ci kofin Turai da su, suka doke Sabiya da Montenegro uku da nema a wasan ƙarshe, sa'an nan suka samo tagulla a wasannin Olamfik na Atina. Daga cikin yaransa akwai De Rossi da Gilardino da Barzagli, waɗanda bayan shekara biyu suka ɗaga kofin duniya a Jamus; amma a wannan shekara ta 2006 ɗin, cikin hargitsin da ya biyo bayan badaƙalar alƙalan wasa, sababbin shugabannin hukumar suka sauke shi, kuma tun daga nan bai sake riƙe wata babbar ƙungiya a ƙasarsa ba, abin da ya daɗe yana faɗin cewa ya yi masa zafi.

Filin Sarria an rushe shi a 1997, gidaje ne a wurin yanzu. Scirea ya rasu a haɗarin mota a Folan a 1989, Bearzot ya bi shi a 2010, Socrates a 2011, sa'an nan a ƙarshen 2020 Maradona da Rossi suka tafi mako biyu tsakaninsu. Mai zauren da muka yi kallo a cikinsa shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Kwanan baya wani jikana ya nemo mini wasan Barazil ɗin a wayarsa, muka zauna muka kalle shi tun daga farko. Shi yana bin ƙwallo da ido, yana mamakin yadda alƙali yake barin irin wannan ƙeta ta wuce, ni kuwa a karo na farko na bar ƙwallon ya tafi inda za shi, na sa ido a kan lamba 6 kawai, ina kallon yadda yake gyara tsayuwarsa tun ƙwallo yana can nesa, yadda yake sa kansa tsakanin Zico da mai shirin miƙo masa, yana waiwaye, yana matsawa taki ɗaya, yana komowa. Da aka zo wurin rigar yaron ya ce, “Kaka, ai wannan fanareti ne.” Na ce masa fanareti ne, Malam, ko a wancan zamani ma fanareti ne, sa'an nan na roƙe shi ya mayar mini da hoton baya kaɗan, zuwa daidai lokacin da ƙwallon bai riga ya taso ba.